Akori-kurar da Ta Goya Ɗaki

A Shiling, can ƙasar Sin, na fara ganinta, ranar da ruwan sama ya tsare ni a ƙofar wata masana'antar jakunkuna. Akori-kura ce fara mai ƙofa huɗu, amma a bayanta, inda muka saba ɗora buhuna da awaki, an ɗora mata ɗaki guda. Ɗaki sosai, da ƙofa da taga da labule, goshinsa ya zarto har saman kan direba. Wani tsoho da matarsa suka buɗe ƙofar suka leƙo, kowa da kofin shayinsa, ko ɗigon ruwa babu a jikinsu. Na tsaya ina kallo har mai masana'antar ya gaji da kirana ya koma ciki.

Jakunkunan mata nake saye ina kaiwa Kano, kuma wannan ba shi ne zuwana Guangzhou na fari ba. Sai dai a wannan karon rabin hankalina yana gida. Mahaifina, Malam Isa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin gingimari tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya dawo, hankali bai taɓu ba, amma zama ya gagare shi. Abu ɗaya yake roƙonmu, mu kai shi garinsu, wani ƙauye can arewa da Gure a Nijar, ya gana da yayarsa Gwaggo Hure tun suna da rai su biyun. Ita ta makance, tsufa kuma ya hana ta ko da zuwa kasuwar mako. Mun taɓa gwadawa da katifa a bayan motar haya. Rana da jijjiga suka sa muka juyo tun daga Kazaure, yana hawaye.

Na ɗauki hoton motar na tura wa Umma, na ce ta nuna masa. Da na kira, ita ce ta riƙe masa wayar kamar kullum. Na zaci zai yi murna ko ya sa albarka. Tambayar direba ya yi mini.

"Me take sha?"

Na ce akwai mai shan fetur, akwai mai shan gas.

"Ɗauki mai fetur," in ji shi. "Ko a ƙauyen da babu rijiya za ka tarar da mai sayar da fetur a kwalba. Kuma ka nemi mai giyar hannu, wadda bakaniken bakin hanya zai gane kanta. Amma Habu, daga Gure in ka yi arewa babu ko kwalbar. Yashi ne zalla, zuwa da dawowa. Ka tabbata tankinta zai kai ni ya dawo da ku."

Ban so wannan "dawo da ku" ɗin ba. Na ce masa in Allah ya yarda kafin damina ta sauka yana ƙofar ɗakin Gwaggo.

Wanda ya fara cin moriyar zumuɗina wani dillali ne mai sanƙo da murmushin da ba ya ƙarewa. Ya kai ni wani katafaren fili cike da irin waɗannan motoci, ya sa direba ya zaga da ni a shimfiɗaɗɗen titi, ya nuna mini allon gaban mota yana cewa in duba, ba ta shan komai. Lallai kuwa allurar mai ko motsi ba ta yi ba. Na dawo masauki baki har kunne, na ba Elhaji Mamman labari. Shi ɗan Maradi ne, dattijo, yana sayen yadi da takalma, ɗakinsa yana kallon nawa, kuma ya daɗe a garin har yana iya yin faɗa da Sinanci. Washegari ya ce in kai shi ya gani. Da muka je bai ko kalli injin ba. Ya zaga baya ya ƙwanƙwasa jikin ɗakin, ya sa aka buɗe. Wayam. Babu gado, babu tankin ruwa, babu komai, ƙwanso ne aka yi don talla, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa.

"Ƙanena," in ji Elhaji, "jaki maras kaya anka gwada maka. Mu tahi."

Dillalin ya biyo mu har titi yana kiran "lawban, lawban", wato maigida. Elhaji ya waiwaya ya ce masa "meyo", kalmar da su suke watsa mana in sun ce babu. Ranar na ji daɗinta a karon farko.

Daga nan sai wani ƙaramin gareji a bayan garin Huadu, tsakanin gonar ayaba da wata masana'antar zif. Mai wurin mace ce, Madam Fan, gajeriya, ba ta dariya kuma ba ta ƙarya, abin da na gane daga baya ke nan. Da waya muke magana, in faɗa ta fassara mata, ta faɗa ta fassara mini, in abin ya cuɗe Elhaji ya shiga. Na yi mata bayanin Baba. Ta ce gadon irin wannan ɗaki a cikin goshin yake, can sama da kan direba, kuma a ƙasarsu ba a yarda mutum ya kwanta a ciki mota tana tafiya ba. Na ce mata namu mutumin ba shi da wata hanyar tafiya sai a kwance. Ta ce to za ta sauko da gadon ƙasa, ta ɗaure shi da ƙarfe, ta sa masa maɗauri.

Sai ta tambaya, "Mutum nawa?"

Na ɗaga yatsu biyu. Ni da Baba.

Elhaji ya fashe da dariya har da tari. "Mutum biyu? Tsoho za shi garinsu bayan shekaru da shekaru, ka ce mutum biyu? Innarka hwa? Kuma hannu rabbana za shi shiga gari?"

Madam Fan ta buɗe ƙofar direba ta nuna mana wani ɗan ƙarfe da aka manna a jikin motar, an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Ta ce ɗakin kaɗai, da ruwansa da firjinsa da bayinsa, ya cinye fiye da rabi. Ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin wanda ya karanta wannan ƙarfen ba. A wurinmu in mota ta durƙusa, bakanike ake kira ya ƙara mata sifirin, a ci gaba da lodi.

Elhaji ne ya kawo shawarar a gwada ta da kayan gaskiya. Na aro katan-katan na ƙarafunan jaka daga masana'antar da nake ciniki, masu nauyin tsiya, muka jera su a madadin mutane da tsaraba. Jarkoki kuma ruwa muka ɗura musu, domin a can ba ka isa ka je gidan mai da jarka a zuba maka ba. Tuƙi ma ba a yarda in yi ba, lasisina na gida takardar banza ce a wurinsu. Ɗan direba guda, wanda ya koyi giya tun ƙafarsa ba ta kai totur ba, sai ga shi a kujerar fasinja. Wani dattijo mai aiki a garejin, Lawo Wu, shi ya ja mu.

Muka cika tanki har wuya, muka yi arewa inda duwatsu suke. Tun a titi mai kyau na fara jin jikina ya yi sanyi. In tana tafiya a hankali lafiya lau, amma da Lawo Wu ya ɗan taka, sai ka ji kamar wani ya riƙe ta ta baya. Iska tana dukan goshin ɗakin tana huci. Tirela in ta wuce mu sai motar ta yi layi, ɗakin ya karkata ya dawo. A kwana kuwa sai na riƙe ƙofa. Injin ƙarami ne, irin na zamani wanda ake yaba wa ƙarancin sha, kuma gaskiya ne in babu kaya. Da ya ji nauyi sai ya buɗe maƙogwaro. Ina zaune ina kallon allurar mai tana sauka da idona.

Da muka fara hawan dutse na kira gida. Lokacin hantsi bai yi ba a Kano, mu kuwa la'asar ta kusa.

"Ajiye wayar a ƙasa, kusa da giya," in ji Baba. "Ku yi shiru."

Muka yi shiru. Motar tana nishi, Lawo Wu ya sauke giya, ya ƙara saukewa, wani wari mai ɗumi ya fara shigowa.

"Ka ce wa direban ya riƙa saukewa tun kafin ta roƙe shi," in ji Baba. Can kuma ya ce, "Tana wahala, Habu."

Umma ta karɓi wayar ta rage murya. Ta ce tun da injin ya fara kuka ƙafarsa mai lafiya take motsi a ƙarƙashin zane, yana taka kuloci.

A gangarowa birki ya yi zafi har muka tsaya ya huce. Na sauka in yi salla a gefen hanya, ƙasa duk ta jiƙe. Lawo Wu, ba tare da na roƙa ba, ya farke kwali ya shimfiɗa mini, ya koma nesa ya kunna sigarinsa ya juya baya. Da na idar ya nuna wayar ya ce, "Baba?" Na gyaɗa kai. Ya zaro tasa ya nuna mini hoton wani kabari a gefen tudu da ciyawa ta rufe, ya dafa ƙirjinsa. Iyakar hirar da muka yi ke nan, kuma ta isa.

Da muka dawo gidan man da muka tashi, aka sake cika tankin har wuya don mu ga abin da ya tafi. Ta sha kusan ninki ɗaya da rabi na abin da take sha ba kaya. A kan kwalta ke nan. Elhaji, wanda ya san yashin ƙasarsu, ya ce in an sassauta iskar taya aka sa ƙafa huɗu suna ja, in ƙara mata wani rabin. Na auna nisan Gure zuwa garin su Baba da dawowa, na ga tanki ɗaya ko zuwan bai tabbata ba. Na tambayi Madam Fan ko za ta yi mini waldar tanki na biyu. Meyo. Jarkoki ke nan. To kowace jarka nauyi ce, kowane nauyi kuma ƙarin sha ne, ƙarin sha kuma wata jarkar. Na yi ta zagaya wannan lissafin har kaina ya yi ciwo.

Lokacin kuwa garin ya shiga irin yanayin nan nasa da bango yake gumi. Kayan da ka wanke ba sa bushewa, tabarmar salla tana warin ruma, rana ba ta fitowa kuma zafi ba ya tafiya. Abokan zuwana sun gama sayayya sun koma. Ni kullum sai in hau jirgin ƙasa, in sauka in hau bas, in ƙarasa garejin a ƙafa, in zauna a kan tsohuwar taya ina kallon masu walda. Abincina taliyar wasu Musulmin ƙasar ce masu farar hula, safe da yamma, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Bizata ta kusa ƙarewa, na je na yi layi na wuni guda aka ƙara mini 'yan kwanaki, jami'in yana kallona kamar na zo satar garin. Kewar gida ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro kuma, domin duk kiran da na yi sai in ji muryar Baba ta ƙara sirancewa.

A Kano kuwa labari ya bazu cewa Habu ya sayo mota mai ɗaki za a kai Malam Isa gida. Duk kiran da zan yi sai Umma ta ƙara mini wani. Kawu Sale ya ce ba za a je ba shi ba, tare suka yi yaran mota. Yaya Binta za ta da 'ya'yanta biyu, su ga dangin kakansu. Wani maƙwabci ɗan yankin ya roƙi a rage masa hanya. Ban da tsaraba: shinkafa, sukari, atamfofi, goro, da injin niƙa wanda Baba ya yi wa matan garin alkawari tun ina goye. Na ce a ɗauki mota ta biyu. Aka ce motocin haya ba sa wuce Gure, Baba kuma ya ce a motar ɗansa zai shiga gari, da mutanensa da kayansa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana alfaharin bai taɓa wuce ɗan'uwa a bakin hanya ba, yanzu ba za ka koya masa cewa babu wuri ba.

Haka na riƙa zuwa wurin Madam Fan ina cewa a cire wani abu. Aka cire firji. Aka cire wurin girki. Aka rage tankin ruwa. Kowace cirewa sai an kwance, an toshe, an sake gyara, kwanaki suna tafiya. Ta ce mini ta yi shekaru tana ƙera ɗakuna, ba ta taɓa ganin wanda ya biya don a mayar da nasa kango ba.

Ranar da Umma ta ce an ƙara keken ɗinki na wata jikar Gwaggo, raina ya ɓaci. Ina tsaye a tsakar garejin, ruwa yana zuba a kan kwanon rufi, na ɗaga murya a kan mahaifiyata.

"Umma, jirgin ƙasa aka ce muku na saya? Kowa ya kawo nasa, kowa ya kawo nasa! In mai ya ƙare a tsakiyar yashi da mara lafiya a kwance, keken ɗinkin za mu zuba a tanki? Nauyi ya yi yawa, wallahi ya yi yawa!"

Ashe wayar a buɗe take, a kan matashinsa.

"Habu," na ji ya ce a hankali.

"Na'am, Baba."

"In nauyi ne, ni kada ka sa ni a lissafi. Tambayi uwarka, da hannu ɗaya take juya ni yanzu."

Na shiga cikin ɗakin motar na zauna a kan gadon da aka yi masa, na ja ƙofa, na yi kuka irin na yara. Babu wanda ya ƙwanƙwasa. Da na fito na tarar da kofin ruwan zafi a kan matakala, Lawo Wu yana can yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Madam Fan ce ta kawo maganar ƙarshe. Ta ce tunda gado ya sauko, goshin nan ba ya aikin komai sai tarar iska. A yanke shi, a rage tsayin rufin, a karkata gaban yadda iska za ta zame ta wuce. Abin da ya fara jan idona a Shiling ke nan, shi ne kyan motar. Na ce a yanke. Aka ƙara ƙarfin sifirin baya, aka sa taya masu kauri, aka yi wa jarkoki mazauni a ƙasa kusa da tsakiya don kada su rinjayi baya. Abin da ya rage daga ɗakin Madam Fan shi ne gado, da fanka, da taga biyu, da benci mai tsawo, sai fili na buhuna.

Muka sake lodin katan-katan, har da nauyin keken ɗinkin, muka koma dutsen nan. Tun a kwalta na ji bambanci. Hucin ya ragu, layin ya ragu, in aka riƙe ta a tafiyar dattijai allurar tana sauka da mutunci. Har yanzu tana sha fiye da yadda take sha ba kaya, wannan babu makawa, amma da tanki da jarkokin da muka tanada lissafin zuwa da dawowa ya fita, har da ɗan saura na ɓatan hanya. A hawan dutsen na kira gida na ajiye wayar kusa da giya. Lawo Wu ya sunkuya ya ce, "Baba, sannu," yadda na koya masa, sannan ya sauke giya tun kafin ta roƙa.

Baba ya saurari injin har muka kai saman dutsen.

"Ta saki jiki," in ji Baba. "Wannan za ta kai."

Na ce masa to zan bar wa Elhaji sauran aikin ya sa ta a jirgin ruwa, ni in taho gobe ko jibi.

"A'a. Tsaya ka ga an rufe ta da idonka. Ni ban taɓa barin mota a hanya na tafi gida ba." Ya numfasa. "Ka ce wa direban nan yana da hannu."

Nansha ita ce zangona na ƙarshe, can kudu inda gari yake ƙarewa ruwa ya fara. Jirgin da aka sa mana rai ya tashi ba mu, wai wata takarda ba ta fito ba. Muka jira na gaba. Ranar lodi muka je wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, ni da Elhaji da Lawo Wu, kwantenoni jere har sama kamar unguwa. Sai da aka sauke ɗakin daga bayan motar, domin a goye ba za su shiga ba. Aka tura ɗakin can ciki, aka zuƙe man tankin saura kaɗan, Lawo Wu ya shigar da motar da baya, ya fito ta taga don ƙofa ba ta buɗuwa. Ana cikin ɗaure tayoyi wayar Elhaji ta yi ƙara. Ya duba, ya matsa nesa. Na ga ya cire hularsa ya mayar.

Da ya dawo bai ce mini ƙanena ba.

"Abubakar," ya ce, "zo mu zamna. An ce jikin tsoho ya ɗan matsa."

Na san irin wannan maganar, ni ma na sha kai wa wasu ita. Mara lafiyar da jikinsa ya ɗan matsa ba a kiran maƙwabcin ɗansa a wata ƙasa. Na ce, "Elhaji, yaushe?" Ya ce bayan sallar asuba ta can. Na yi salati, na zauna a kan wani katako. A gabana suka ja ƙofofin kwantenar suka rufe, suka buga mata hatimi, wani ma'aikaci ya zo yana nuna mini lambar yana so in duba. Na duba. Na ga an rufe ta da idona, kamar yadda aka ce in yi. Kafin mu isa masauki an riga an dawo daga maƙabarta a Kano. Lawo Wu ne ya mayar da mu, tafiyar ta fi awa biyu, bai kunna sigari ko ɗaya ba.

Motar ta iso gida bayan damina ta wuce. Na ɗora mata ɗakinta na ajiye a ƙofar gida, yara suna leƙe ta taga. Umma ce ta ce a je, ta'aziyyar da za mu yi wa Gwaggo Hure tana kanmu, ba a yi mata ita ta waya ba. Na zaga wurin waɗanda suka sa suna. Kawu Sale ya ce ƙafa ta matsa masa. Yaya Binta yara suna makaranta. Maƙwabcin ya riga ya tafi tun tuni. Ban ga laifin kowa ba, don shi za su je. Injin niƙa kaɗai Umma ta ce a ɗora, tunda alkawarinsa ne, sauran kuma ba a zuwa gaisuwar mutuwa da atamfa. Mu biyu muka tafi, ni da ita, yadda na ɗaga wa Madam Fan yatsu.

A Gure na cika tanki, na cika jarkoki duka, na sassauta iskar taya, muka shiga yashi. Ta tafi sumul. Ko sau ɗaya ba ta roƙi giya ba.

Gwaggo Hure ta sa aka kamo hannunta har bakin motar. Ta ce an ba ta labarin ɗakin, tana so ta gani. Na ɗauke ta na hau da ita. Ta bi bango da tafin hannu, ta taɓa taga, ta taɓa fanka, har ta kai ga gadon. Ta shafa shi daga kai har ƙafa, ta kama maɗaurin tana juyawa.

"Nan zai kwanta?"

"Nan ne, Gwaggo."

Ta zauna a bakinsa. Umma ta hau ta zauna kusa da ita, na sauko na bar su.

A waje mazan garin sun kewaye motar. Wani mai babur ya ƙwanƙwasa jarkokin ɗaya bayan ɗaya, ya ji duk a cike, ya leƙa ya ga allurar ko rabi ba ta sauko ba. Ya tambaya ko zan sayar masa da ɗaya, tunda na zo da mai fiye da buƙata.

"Ka yi wa hanyarmu mummunan zato, ɗan Kano," ya ce yana dariya. "Wannan ai man mota cike da mutane ne."

Na ce masa haka ne. Na kwance jarka ɗaya na miƙa masa, na ce ya bar kuɗinsa, ya yi wa Malam Isa addu'a.